Katifa Mai Rami Biyu

Gusau, 9 ga Rajab, 1423

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aikin ba da magani a asibiti, ya kuma mutanen Madina. Ki gaishe mini da ƙawarki Saudatu.

Ga kaset nan na ba wani mai zuwa umara ya kawo miki. Wasan Hausa ne na Kano, a kan matan nan 'yan maɗigo. Tun da na kalle shi hankalina bai kwanta ba, don an nuna irinki suke farauta, wato bazawara mai aikin yi, ba miji ba uba a kusa. Na rubuta miki alamominsu don ki gane su tun daga nesa. Suna sa baƙin tabarau har cikin ɗaki, suna busa sigari, suna da sarƙa a ƙafa, kuma idan za su yi dariya sai sun ɗaga kai sama. Duk wadda ta ce za ta rage miki hanya a jar mota, ki ce kin gode.

Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne kina tare da Saudatu, mace mai kamun kai. Ki ce mata na ɗora mata amanarki, ta sa ido a kanki sosai.

Ni da maigidana Alhaji Haladu muna nan tafe umarar azumi. Shi zai sauka unguwar Anbariyya da abokansa, ni kuwa wurinki zan sauka, kwana goma.

Yayarki,
Iyatu

*

Harra ta Gabas, Madina, 2 ga Sha'aban

Saudatu tawa,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Umminki? Allah ya ba ta lafiya ki baro Jidda haka nan, gidan ya yi mini faɗi.

Ga wasiƙar Yaya na haɗo miki, ki karanta a zaune. An naɗa ki mai gadina. Shekara goma sha ɗaya kina aikin nan ba takarda, yau ga takarda ta zo.

Na kalli kaset ɗin har sau biyu ina neman mu a ciki. Babbarsu ta sha man bilicin har ta koma kalar gwanda, tana da falo uku, ba ta taɓa wanke ko cokali ba. Ba wadda ke ciwon gwiwa, ba wadda ke mita a kan an bar murfin man shafawa a buɗe. Daga ƙarshe duk suka faɗa rami da jar motar. Na yi dariya har na ƙware, sai kuma na tsinci kaina ina share hawaye, don wannan ne abin da Yaya za ta gani idan aka kira mata sunana da wancan suna.

Tsoro nake ji, Saudatu. Ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, ita ta tsefe mini kai har na shiga jami'a. Ba ni da kowa a gida sai ita. Idan ta gane, ko dai ta ce in tattara in bi ta Gusau, ko ta shafe ni daga cikin danginta, kuma ban san wanda zan iya ɗauka ba.

Saboda haka na yi dabara. Na fitar da keken ɗinkinki da tarin abayoyin mutane daga ƙaramin ɗaki, na sayo gado da katifa sabbi fil. Daga yau ɗakinki ne, kuma tun shekara goma sha ɗaya a nan kike kwana. Ki haddace wannan kafin ki iso.

Taki,
Murja

*

Jidda, 11 ga Sha'aban

Habibti Murja,

Wa alaikis salam. Ummi da sauƙi, alhamdu lillah, tana gaishe ki.

Na karɓi muƙamin. Ki faɗa wa Yaya ko barci nake idona na kanki.

Ni ma na ga fim a kan irinmu a dish ɗin gidan yayana Ƙasimu. Can kuma duk Turawa ne masu askin maza, suna yawo da karnuka. Ya'ani a Kano mu aljanu ne, a waje kuma ba a ma san da mu ba. Baƙar mace mai ƙiba da ke ɗinkin abaya tana azumin Litinin da Alhamis, ba mai ɗaukar ta a kamara. Har tabarau na gwada a kasuwa in ga ko zan yi kama da kaina, mai shagon ya ce na yi kama da mai ciwon ido.

Gadon kuma mushkila ne, kin san bayana ba ya son sabuwar katifa. Amma saboda Yaya zan kwanta ko a kan dutsen Harra ne. Ki dai cire ledar, na san halinki da son adana sabon abu.

Kar ki ji tsoro ke kaɗai, ki jira ni mu ji tare.

Saudatu

*

Madina, 6 ga Shawwal

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan kun sauka lafiya, Allah ya karɓi ibada. Ina gaida Alhaji.

Yaya, tun da kika tafi raina ba daɗi. Kwana ukun farko kina ta hira da tsokanar Saudatu, daga nan kika yi shiru. Ranar tafiya kin rungume ta kin daɗe, ni kuwa ko kallon kirki ban samu ba. In wani abu kika gani a gidana wanda ya ɓata miki rai, ki faɗa mini ko da zagi ne. Shirunki ya fi mini zafi.

Ƙanwarki,
Murja

*

Gusau, 28 ga Shawwal

Murja,

Wa alaikis salam, mun sauka lafiya.

Amare nawa na yi wa jere a garin nan? Ni za a nuna wa gadon da aka ce an shekara goma sha ɗaya ana kwana a kai, alhali takardar shago na manne a ƙafarsa? Baiwar Allah Saudatu kullum ta fito tana dafe da ƙugu kamar mai naƙuda. Ni kuma da kika kwantar da ni a ɗakinki, katifarki rami biyu gare ta. Kin faɗa naki, ni na gangara cikin ɗayan, kuma wanda ya yi ramin nan ya fi ni faɗi.

Na yi fushi, na yi kuka a Masallacin Annabi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai kwana goma ina neman tabarau da sigari a gidan, abin da na gani kawai mace ce da ta san lokacin maganin hawan jininki fiye da ke mai ba da maganin. Ban tambaye ki komai ba, ke ma kada ki faɗa mini komai. Abin da ban iya warwarewa ba na bar wa Allah, kuma ina yi muku addu'a ku biyun.

Kaset ɗin ki dawo da shi, na maƙwabciya ne. Ga atamfa turmi biyu iri ɗaya. Sabon gadon nan kuma kada a mayar da shi shago, nawa ne, a kansa zan riƙa kwana idan na zo. Ki ce wa Saudatu ta koma inda bayanta ya saba.

Yayarki,
Iyatu