Adudun da Ka Bari

Tudun Wada, Zariya
Cikin watan Sha'aban, shekara ta 1346

Zuwa ga ƙanena Mika'ilu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ce yayarka Atika nake faɗa, Malam Lawal na bakin masallaci yana rubutawa, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Malam maigidana gwiwoyi sun fara yi masa gardama, nafila ma a zaune yake yi, amma bakin nan nasa yana nan garau yadda ka san shi. Ɗanmu Isiyaku yana nan da aikinsa a tashar jirgi, matarsa ta sauka lafiya watan jiya, an sami mace. Ina kuma sake yi maka ta'aziyyar matarka. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka haƙurin rashi.

Sabo mai goro ya iso, ya kuma zauna ya ba ni labarinka tas. Ya ce kai kaɗai ne yanzu a gida, da furfurarka kake hura wuta ka dafa abin da za ka ci. Ya ce ranka yana son gida, amma wai ka ji gidanmu ya cika maƙil, babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma, kai kuma ba ka son zama wa kowa nauyi. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai, Mika'ilu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Gidan a cike yake, sai dai ba mutane suka cika shi ba.

Ka tuna lokacin da Malam yake saukar da fatake a tsohon zango. Duk wanda zai kama hanyar Gwanja sai ya bar masa ƙunshi ko buhu ko adudu, ya ce a ajiye masa sai ya dawo. To shekarar da Nasara suka shigo hanyoyi suka rikice, wasu suka mutu a tafiya, wasu suka yi zamansu can kamar yadda ka yi. Kayansu kuwa suna nan. Ranar da muka taso zuwa Tudun Wada jaki shida aka yi wa lodi da kayan mutane, nawa kayan kuwa a kaina na ɗauko. Da aka yi gini, ɗaki mafi kyau, mai rufin azara, shi Malam ya ba ajiyar nan, mu muka shige na ciyawa. Da jirgin ƙasa ya kashe fataucin jaki Malam ya sayar da jakunansa, sai rumfarsu ma ta cika da mangala da akumari da igiyoyi, wai ko wata rana za a nema. Shekara da shekaru ina mita, amsarsa guda ce, wai amana ce, ba a buɗewa, ba a taɓawa, sai mai ita ya zo.

Ranar da Sabo ya tafi ban ko tsaya ɗaura ɗankwali daidai ba, na sami Malam a zaure. Na ce masa matattu sun sami ɗakin azara a gidan nan, ƙanena mai rai ya rasa wurin kwana, in haka amana take to ni ban gane mata ba. Ya ce bakina ya yi tsawo. Kwana biyu sai dai in ajiye masa tuwo in juya. Rana ta uku da hantsi sai na ga ya ɗauki sandarsa ya fita, ashe wurin Liman ya nufa da ƙafarsa. Liman ya ce masa a yi cigiya a kasuwa da tasha Juma'a uku a jere. Wanda magajinsa ya fito a ba shi, sauran a buɗe gaban shaidu a yi sadaka da su da sunan masu su, ladan ya kai musu inda suke.

Da ka ga ranar buɗewar, da ba ka san dariya za ka yi ko kuka ba. Aka fito da kaya tsakar gida, dattawa uku suna zaune. Ƙunshin farko ana ɗagawa gindinsa ya zube, gara ta cinye turamen saƙi ta bar ƙasa. Wani buhun kanwa ne ya narke ya daskare. Wani kuɗin wuri ne fal, wanda yau ko daddawa ba za a ba ka da shi ba, mata suka kwasa don adon ƙwarya. Malam yana zaune kansa a sunkuye. Ni da na tayar da maganar sai tausayinsa ya kama ni, na shiga ɗaki na dama masa fura.

Ana cikin haka sai ga wata mata daga Hanwa, sunanta Hajo, ta ce ta ji cigiya a kasuwa. Ubanta Muntaka ya tafi tana ƙarama bai dawo ba, uwarta kuma kafin ta rasu ta sha faɗa mata ya bar jakar fata mai jan baki wurin mai masaukinsa. Aka duba, ga jaka, gara ba ta taɓa ta ba. A ciki akwai rigarsa da allonsa, da wasu 'yan mundaye biyu na yarinya da ya saya mata bai kai ga ba ta ba. Ta gwada, yatsu uku kawai suka shiga. Matar nan ta zauna dirshan tana kuka tana sa wa Malam albarka, shi ma hawaye har gemu. Bayan ta tafi ya ce mini shi a zatonsa tsare kayan yake yi, ashe tsare su yake daga masu su. Tun daga ranar shi ke gaba wajen rabo, mangala da akumari duk ya ba masu jakin ɗibar ƙasa.

Kada ka ce ni na tsira. Da ɗakin ya zama wayam sai Malam ya leƙo nawa, ya tsaya yana kallon jerena, ƙore da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, ya tambaya wai su kuma waɗannan amanar wane bafatake ce. Kunya ta kama ni, don rabona da sauke na saman tun bikin Isiyaku. Na kira matar Isiyaku da 'ya'yan maƙwabta masu shirin aure na raba musu. Na bar wa kaina tukunya biyu, ƙwarya uku, da akushin Inna. Ka san abin mamaki? Ko ɗaya ban yi kewarsu ba. Shara ta yi sauƙi, ɓeraye sun yi ƙaura, iska tana shiga har kan gado.

Saura abu guda, shi ne dalilin takardar nan. Can ƙuryar ɗakin, bayan an kwashe komai, aka tarar da wani ɗan adudu ɗaure da igiyar rama. Ina ganin ƙullin na gane hannunka. Shi ne wanda ka ba Malam da safen da za ka tafi, ka ce damina ɗaya za ka yi. Liman ya miƙa hannu zai kwance, Malam ya riƙe shi, ya ce wannan mai shi yana da rai, kuma ya san inda yake. Ya ce in gaya maka ya sauke amanar kowa sai taka, ba ya kuma son ya gamu da Ubangijinsa da ita a wuya. Ya rantse ba zai ba ɗan aike ba, ko Sabo ne, sai hannun da ya ƙulla.

An yi wa ɗakin sabon daɓe, an shafe bango, Isiyaku ya kawo gado da tabarma sabuwa. Ya ce in ka hau jirgin ruwa zuwa Ikko, na ƙasa zai sauke ka kusa da mu, shi zai tarye ka a tasha. Ka yi ƙoƙari ka iso kafin ruwa ya sauka. Na tsufa, Mika'ilu, kai kaɗai ka rage mini cikin 'ya'yan Inna, kuma ina son in zuba maka tuwo a akushinta.

Malam yana gaishe ka, wai ka zo ya ga ko har yanzu kana da cin nan naka. Isiyaku da matarsa Ishatu suna gaisuwa, da jaririya Lauratu da ba ta san kakanta ba tukuna. Ka gaishe mini da mai unguwarku da duk wanda ya tsaya maka lokacin rashin nan. Don Allah kada ka tsaya ɗaure-ɗauren kaya, ka rabar da su can, mu nan mun daina karɓar ajiya. Adudunka na kan gado, shi kaɗai ne a ɗakin, ka zo ka kwance abinka.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Atika