Sunan Baffa ne a fasfona

Anti Zulaiha, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni Bakano ne, shekarata biyar a Guangzhou ina saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina turawa gida. Alhamdu lillahi, ba ni da ƙorafi. Sinawan kasuwa har “laoban” suke kirana, wato maigida, ni da ko shago ba ni da shi. Bana ne dai saboda wasannin Olamfik aka tsaurara biza, dole sai na koma gida na sabunta ta. Da yayata Saude ta ji, hankalinta ya tashi. Nas ce a Amurka, ta zama 'yar ƙasa, ta ce za ta cike min takardun zama na dindindin a matsayin ƙaninta. Ban ƙi ba, duk da ni nan ma lafiya lau nake.

Ga inda gizo ke saƙar. Mahaifinmu ya rasu ina shekara biyu, sai ƙaninsa Baffa Barmo, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya ɗauke ni riƙo. Da ya kai ni firamare sunansa ya bayar, shi ne ya bi ni har fasfo. Saude kuma sunan mahaifinmu take ɗauke da shi. A gida aka haife mu, ba takardar haihuwa, Innarmu ma ta rasu. Lauyanta ya ce sai an yi rantsuwa a kotu kan wanda ya haife ni.

Anti, Baffa bai taɓa cewa “ɗan wana” ba, “ɗana” yake cewa. Yaya zan rubuta cewa ba shi ne ubana ba? Abokina Tankari ya ce in yi a ɓoye, tsoho ba zai ji ba. In na fasa kuma, Saude za ta ce na ƙi ta. Wallahi ina son su duka.

Mai Takalma, Guangzhou

*

Mai Takalma, sannu da ƙoƙari. Da farko ka ajiye shawarar Tankari. A Kano za ka shiga kotu ka fito a ce ba wanda ya gan ka? Kafin ka kai gida labari ya riga ka, kuma jin sa a bakin wani shi ne zai karya zuciyar Baffa.

Saude ba ta yi laifi ba. Ita kaɗai ce a can, tana son nata a kusa. Layin masu jiran shiga Amurka ta hanyar 'yan'uwa kuwa dogo ne, yakan wuce shekara goma, don haka cike takarda ba zai raba ka da kasuwarka gobe ba. Amma duk abin da za a rubuta ya zama gaskiya zalla, ku bi abin da lauyan ya ce, ko da gwajin jini ne.

Kai kuma ka manta abu ɗaya: Baffa ya fi ka sanin ɗan wa ne kai. Mahaifinka wansa ne fa, shi ya kai shi makwanci. Tunda biza za ta kai ka gida, kada ka yi maganar nan a waya. Ka je ka durƙusa gabansa, ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya zama shi ne mai shaidar. Watakila ya yi hawaye, ka ba shi lokaci. In ya yarda, ka riƙe masa hannu ku shiga kotun tare, ya faɗa da bakinsa cewa marayan wansa aka ba shi amana, ga shi ya raine shi ya zama mutum.

Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ya bar ku tare da Saude, ya sa albarka a kasuwa.

Anti Zulaiha