Kifin da Na Ɓoye wa Allura

Kifin ya rayu! 'Yata, kifin ya rayu! Zafi ya zo ya wuce, cutar ta shigo ta fita, tafkunan nan uku suna nan maƙil da kifi, ba zan cike su da ƙasa ba. Kin ga murna ta sa ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har tana takawa bakin tafki ta yi mini faɗa.

Kin tuna rantsuwar da na yi miki bara, ranar da muka kwashe matattun kifin karfasa baro-baro muka binne, cewa in bana ma suka mutu na haƙura da kiwon kifi. Shekara biyu a jere ke nan. Da zafi ya tsananta sai ki ga kifi ya bar cin abinci, ido ya fito masa, yana ta juyi a saman ruwa kamar mai hajijiya, washegari ya kwanta. Tafkunan da na haƙa da ƙarfina tun kina goye da 'yarki ta fari, na kai har ba na son kallonsu.

To ita wannan 'yar taki, amaryata, da ta gama karatun lafiyar dabbobi ta dawo wurinmu, sai ta ce kada na sake na taɓa tafki ko ɗaya. Ta ɗauki mataccen kifi ta kai ɗakin gwaji, ta dawo ta ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mai son ruwan ɗumi, kuma akwai rigakafinta, allura ce. Na yi dariya har da tari. Na ce mata na ga an yi wa jariri, na ga an yi wa saniya, amma kifi a ina zai miƙo hannu? Ta ce in zuba ido, tsohon miji ba ya rasa gardama.

Ta zo da kwalabe cikin kula da ƙanƙara, da ƙawayenta biyu. Ta sa kifin azumin kwana guda, ta kuwa kulle buhunan abinci ta riƙe makulli don ta san halina. Aka jera teburi a inuwa. A ɗebo 'yan kifin da koma, ba su wuce yatsu uku ba, a zuba a baho mai ɗigon man kanumfari, sai su yi laƙwas su kwanta a gefe. A ɗauki ɗaya, a juya cikinsa, a soka 'yar allura, a sake shi a ruwa mai kyau. Ɗaya bayan ɗaya, kifi dubu uku! Ni kuwa da na ga sun kwanta a bahon nan, sai na tuna haka na saba ganinsu in za su mutu.

Ga laifina, gara ki ji daga bakina. Da suka shiga cin abincin rana, na lallaɓa na kamfaci wajen ɗari biyu cikin waɗanda ba a kai kansu ba, na juye su a ɗan ƙaramin tafkin bayan ɗakin ajiya. A raina na ce in yarinyar nan ta kashe mini sauran, ko iri na tsira da shi. Na dawo na zauna ina ta yi musu sannu da aiki kamar mutumin kirki. Waɗanda aka yi wa allurar kuwa, kafin a jima sun farfaɗo suna wasansu. Washegari na ga ta ware wa ƙaramin tafkin komarsa da bokitinsa daban, ta ɗaura musu jan ƙyalle, ta ce kada a haɗa su da na manyan. Na tambayi dalili, ta ce tsabta ce kawai.

Bayan wata biyu zafi ya kankama. Maƙwabcinmu mai gonar kifi ya fara kwasar gawa, ni kuma na kasa cin abinci. Kullum da safe ina zagayawa da littafina, albarkacin ajin yamma da na shiga da furfurata, ina rubuta abin da ya mutu. Mako uku ana haka. Manyan tafkuna uku gaba ɗaya, kifi sha tara kacal suka mutu. Ƙaramin nan, inda na ɓoye nawa don su tsira, arba'in da ɗaya suka rage. Ni da hannuna na raba su da magani.

Ranar da na gama lissafin na same ta tana wanke raga, na tsaya ina kame-kame kamar yaron da ya fasa tulu. Ban kai ƙarshe ba ta fashe da dariya. Ta ce ai tun ranar ta sani, don maganin kifi ɗari biyu ya ragu a kwalba, ga kuma wandona jiƙe har gwiwa. Ta ce ta yi shiru ne don ta san bakinta ba zai ci ni da gardama ba, gara kifin su gaya mini da kansu. Jan ƙyallen kuwa don kada ɓarnata ta tsallaka manyan tafkuna ne. Mahaifiyarki ta ce shekara hamsin tana neman mai maganina, ashe a cikin jikoki yake. Amaryar ta ce ta ƙi auren, ba ta zama da ɓarawon kifinsa.

'Yata, na gode wa Allah, na kuma gode miki. Lokacin da kika dage sai ta yi wannan karatu, ina cikin masu cewa mace me za ta yi da dabbobi. Na janye maganata. Ki gaya wa mahaifinta ya yi tarbiyya, Allah ya saka muku. Yanzu har maƙwabcin ya zo da hularsa a hannu yana roƙon a sa nasa a layi, ni nake yi masa bayanin yadda ake juya cikin kifi.

Mahaifiyarki tana gaishe ku, da kawunki da iyalinsa. Ki gaida maigidanki, da surukarki, da 'yan biyu, da autarki mai ƙiriniya. Sauran mako biyar mu fara kamu, don Allah ku zo kafin nan, dukanku, kada a bar kowa tsaron gida. Ku iso da hantsi, lokacin ba su abinci, in ba kowa cikin hannu guda ya watsa, ku ga yadda ruwa yake tafasa da kifi. Ku zo ku gani da idonku!

Ni ne mahaifinki mai yi muku addu'a kullum.