Minti Goma a Cikin Tanki

Agege, Legas
12 ga Maris, 2001

Ruƙayyatu tawa,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni dai ƙalau nake, in ban da girkin hannuna da ke neman ganin bayana.

Kin ce in ba ki labarin aiki ba da turancin 'yan kimiyya ba. To ga shi. Kamfaninmu na Isolo ruwan bilic yake haɗawa, kuma duk mako sai mutane sun shiga tankuna sun wanke su, alhali da sauran iskar kulorin mai guba a ciki. Dokar kamfani ta ce mutum zai iya yin minti talatin. Yanzu da farar hula suka dawo, masu duba masana'antu sun ce a rubuta hujjar wannan adadi, aka ɗora mini aikin. Na tone fayil kaf, layi ɗaya na samu: an tambayi ma'aikata, babu mai ƙorafi.

Wa za a tambaya ya yi ƙorafi? Su bakwai ne, duk mutanenmu, kuma Yaya Almu ne babbansu. Kin fi ni sanin yayanki. Mutumin da ko kunama ce ta harbe shi sai ya gama gaisawa kafin ya duba ƙafa, shi zai gaya wa mijin ƙanwarsa ƙirjinsa na ciwo? In sun fito sai a miƙa musu gwangwanin madara, su sha su ce ta wanke gubar. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba.

Abin da ya tayar mini da hankali, shi ke ja mana magariba a masallacin bakin ƙofa. Ranar da ba wanki, doguwar sura yake ɗauka. Ranar wanki kuwa, aya ɗaya sai ya yanke ta biyu yana neman numfashi. Ina jin tsoro a kansa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na san aikina, kuma zan fitar da adadi na gaskiya.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Harisu

Agege, Legas
9 ga Mayu, 2001

Ruƙayyatu tawa,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara da zafin Gusau? Saƙon yajinki ya iso, Allah ya saka.

Wani likita a Ogba ya ara mini bututun da ake busawa ya nuna ƙarfin numfashi. Da na ce gwajin lafiya ne, kowa ya tuna yana da uzuri. Da na ƙara da cewa a nan za a san mai huhun maza, sai ga layi har ana ture juna. Mako shida ina auna iskar tanki, ina sa su busa kafin su shiga da bayan sun fito. Sakamakon bai ɓoye komai ba: daga minti goma numfashi ke fara raguwa, a talatin kuwa wasu har washegari ba su dawo daidai ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi busawa, kin san ko wane ne.

Ranar zaman kwamitin da zai duba sakamakon, ogan kamfani ya ce mutanena shida sababbin hannu ne da ba su saba ba, in nuna masa illa a jikin wanda ya daɗe. Ina cikin jera masa alkaluma aka turo ƙofa. Yaya Almu ne, cikin rigarsa ta Juma'a. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini hannu na ba shi bututun. Sau uku ya busa iyakar ƙarfinsa, allurar ma'aunin ba ta kai rabin na sauran ba. Kafin la'asar an sa hannu: minti goma, da abin rufe hanci na gaske, da fankar fitar da iska. Hujjar shafi goma sha huɗu ce, kuma ba na tsoron duk wanda zai bincike ta.

A danfo, motar hayar Legas, muna dab da Oshodi a hanyar gida, Yaya Almu ya ce mini, "Tun bara na sani, Harisu. Na zaci ni kaɗai ne."

Likita ya duba shi jiya. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma shi da tanki har abada. Ni na samo masa aikin nan, Ruƙayyatu, kuma shekara huɗu ina wuce allon da aka rubuta talatin ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Wannan yana cina, kuma gara ki ji daga bakina.

Ranar Asabar za mu taso tare. Ya ce in roƙe ki abu ɗaya: in mun sauka a tasha, kada ki karɓe masa jaka a gaban mutane.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Harisu