Famfon Fukar Baba

Sokode, watan azumi, 1993

Yaya Mumuni,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da Hanifa da yara kuna lafiya a Dapango. Ya ibada?

Famfon shaƙa da ka sayo wa Baba a Sinkase ya iso, Allah ya saka. Nan tun da aka shiga yajin aikin gama-garin nan ba abin da ke zuwa daga Lome sai masu gudu, farmasi kuwa kanta ce zalla. Amma kada ka yi murna, domin mahaifinka ya ƙi taɓa shi da rana, wai zai karya masa azumi. Mutumin da kullum yake gaya wa jama'a Allah ya ɗauke wa mara lafiya, yau fuka ta shaƙe shi yana zaune wurin tafsiri, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, famfon na cikin aljihu! Na yi magana, ya ce ni ba malama ba ce. Na yi kuka, ya ce in je in duba koko. Jiya sai da aka riƙo shi daga masallaci, leɓensa ya yi baƙi. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji. Ka rubuto masa, ko maganar namiji za ta shiga.

Ƙanwarka,
Adiza

Yaya Mumuni,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kada ka wahalar da kanka da rubutu.

Shekaranjiya da azahar wata mata daga ƙauyen Kparatao ta zo zaure da 'yarta Munira, budurwa, ana tallabe da ita, numfashi da ƙyar. Ita ma fuka. Nata famfon ya ƙare tuni, ƙwayoyin da suka rage mata kuma ta ƙi sha sai magariba, wai ta ga Malam Siddiƙ, wato Baba, da tsufansa yana daurewa, ita wace ce. Baba ya yi mata wa'azi, ta kafe. Sai ya ciro famfon a gaban almajiransa, rana tsaka, ya shaƙa sau biyu. Ya ce mata, "Ga Malam Siddiƙ ya sha, zai rama bayan salla. Karɓi."

Ta shaƙa, ƙirjinta ya sake. Ni har na fara hamdala a bayan labule, ashe da sauran aiki. Da za su tafi sai ya damƙa wa uwar famfon ɗungurungum, wai ƙauye ya fi nisa da asibiti.

To, ga inda muke. Yanzu ya yarda zai sha magani, maganin ne babu. Yana nan kan buzu yana numfashi sama-sama, yana tambayata ko ka kusa komawa Sinkase. Don Allah ka tafi gobe. Ka sayo biyu, ɗaya ka ce wa direba a hannuna zai sa.

Ƙanwarka,
Adiza