Ƙarin Ruwan Inna

Daren Laraba, ƙauyen Saji

Barci ya ƙi zuwa. Ƙafafun Inna sun sake kumbura, ko silifa ba ta shiga.

Da safe na kai ta asibitin gwamnati. Malamin asibiti ya auna ta, ya ce hawan jini ne, ya ja mini kunne kada a kuskura a yi mata ƙarin ruwa. Magani kyauta ne, in ji shi, amma ya ƙare tun watan jiya, sai dai mu nema a kemis.

Ina gona Yaya Sale ya ɗauke ta a babur zuwa wani kemis a Rano. Na riga na gaya masa gargaɗin, amma wa zai musa wa Inna? Ita in ba a rataya mata ledar ruwa ba, gani take ba a yi mata komai ba. Ta ce wa mai kemis, "Ɗan nan, sa mini ruwa in ji ƙarfi." Ya sa mata, har da kunna mata fanka.

Bayan magariba muka kaure da Yaya. Ya ce, "Gwamnatin taku ta ba ta ko ƙwaya ɗaya? Ɗan kasuwa ai hannu biyu ya karɓe ta." Na ce shi ya sa nake tsoronsa, ba ya ce wa mai saye a'a.

Ban rufe baki ba Inna ta yi kira daga ɗaki, numfashinta sama-sama. Wai gobe a mayar da ita wurin yaron nan mai kirki.