Rigar Kareti Ɗaya, Yara Biyu

Litinin, 8 ga Satumba

An koma makaranta yau, an kuma koma tatsar mu. Ban gama farfaɗowa daga kuɗin zango da na littattafai ba, sai ga 'yan biyuna sun shigo da sabon salo, wai kulob. Na zane, na iyo, na kwamfuta, na kareti, kowanne da farashinsa, kuma ba ya cikin kuɗin makaranta. To shi kuɗin makarantar na mene ne? Na shaƙar iskar harabar?

Rediyo ce ta kawo labarin, da ma wa zai kawo in ba ita ba. Tun daga bakin ƙofa take “kareti, Umma, kareti”, ko takalmi ba ta cire ba. Babansu bai yi ƙarya ba da ya laƙaba mata sunan nan. 'Yar'uwarta, wadda muke kira Shiru, kuwa ta ajiye jakarta, ta wanke hannu, ta zauna tana feƙe fensir. Shekararsu tara, kama kamar an tsaga kara, har makaranta ta raba musu aji don malamai su huta. Amma hali ko kusa.

Laraba, 10 ga Satumba

Mun zauna da Baban biyu bayan cin abinci. Albashina na kantin magani an san iyakarsa, shi kuma gyaran firji sai ranar da ta wani ta lalace. Mun juya ta nan, mun juya ta can, ko mun matse na mutum ɗaya kawai za mu iya. Na ce to kowa ya haƙura, ba na son wariya. Rediyo ta yi kuka har da shaƙuwa.

Can sai ga Shiru ta leƙo, ta ce a biya wa 'yar'uwarta, ita ba ta so, ai faɗa ne, ita kuwa ba ta son faɗa. Wallahi sai na ji an sauke min dutse. Yarinyar nan Allah Ya yi mata albarka, tunda na haife ta ba ta taɓa wahalar da ni ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na biya. Ina miƙewa akawun makaranta ya ce saura riga. Na ce wace riga? Wai farar rigar wasan da wandonta da bel, kuma ba a ɗinkawa a waje, sai tasu mai tambari a ƙirji. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Na ce masa, “Malam, ko numfashin da za ta yi a ciki ma ku faɗa min kuɗinsa yanzu in sani.” Bai ko murmusa ba, da gani ya saba jin irin ta.

Litinin da Alhamis za a riƙa yi, daga tashi zuwa ƙarfe huɗu. Shiru za ta jira a ɗakin karatu har in taso daga aiki in kwashe su tare. Jiran dai kyauta ne. Kada in faɗa da ƙarfi su ji.

Alhamis, 18 ga Satumba

Rediyo ta fasa min murfin bokiti da ƙafa. Kuɗina ne ya fara aiki.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shiru ta dawo da kumburi a ƙwauri. Wai benci ta yi karo da shi a ɗakin karatu. Na shafa mata man zafi ina faɗa, mutum ya je karatu ya dawo kamar wanda ya je dambe. Ta cinye abincinta ta nemi ƙari, ita da sai an yi da gaske take gama faranti. Girma ne yake zuwa, ina ga.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wanki. Farar rigar nan ta zame min aiki, kullum sai an jiƙa ta daban. Mai rigar ta cire ta jefar a bayan ƙofa, Shiru ce ke ɗaukowa, ita ke shanyawa, yau har roƙona ta yi in bar ta ta goge. Ta ninke ta tsaf, ta naɗe bel ɗin ta ɗora a kai. Na ce wa Rediyo ta ji kunya, wadda ba ta da riga ta fi mai riga kula da ita. Suka kalli juna suka kwashe da dariya. Ban ga abin dariya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yau na ga ta kaina.

Na je ɗaukar su, sai Koci, mai koyar da karetin, ta tare ni a bakin zauren wasa, Rediyo na gefenta cikin farar riga. Doguwar mata ce mai kakkaurar murya, daga waje makaranta ke ɗauko ta, kwana biyun nan kawai take zuwa, ba ta san kowa ba sai 'yan kulob ɗinta. Ta kama hannuna da hannu biyu. Wai 'yata baiwa gare ta, tunda take koyarwa ba ta taɓa ganin irin ta ba. “Ran Litinin da ƙafar dama take duka, ga ihu kamar za ta tsaga rufi. Ran Alhamis kuma sai ta juya hagu, ba ki jin ko tarinta, amma ba ta kuskure.” Tana so ta sa ta a jarrabawar bel mai ruwan ɗorawa wata mai zuwa. Da kuɗinta, ba sai an faɗa ba.

Ina tsaye ina washe bakin dole. Ni na haife su. Tun Shiru na rarrafe da hagu take miƙo hannu.

Na sauke ido kan Rediyo. Karon farko a rayuwarta batir ya mutu.

Talata, 21 ga Oktoba

Jiya ban ce musu komai ba, na ji tsoron bakina. Baban biyu da na gaya masa dariya ya yi har da riƙe ciki, wai yaran nan sun fi mu iya tattali, kamata ya yi mu miƙa musu cefanen gida. Na ce ya ci gaba, ranar da aka kore su sai ya yi mai dalili.

Yau da yamma na zaunar da su. Rediyo ta karɓe laifin tun ban gama tambaya ba, ita ta kawo shawarar. A banɗakin makaranta suke musanya kaya. Ran Alhamis ita ce ke zama a ɗakin karatu. “Ni ma fa wahala nake sha, Umma, awa biyu ba magana.” Abin da ɗaya ta koya sai ta koya wa ɗayar a ɗakinsu, shi ya sa kwanan nan suke turo ƙofa.

Na juya kan Shiru. Na ce ba ke kika ce ba kya so ba? Ta daɗe tana murza gefen siket ɗinta. Sannan ta ce ta ji lokacin da nake gaya wa Abba na mutum ɗaya ne. “In na ce ina so, za ki yi ta tunani har kanki ya yi ciwo.”

Na ce su tashi su ba ni wuri. Na shiga ɗaki na yi kukana, ba zan ɓoye wa kaina ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Yini guda ina ba mutane magani hankalina na gida. Ƙwai in ya rage ɗaya, ba ta so. Kujerar gaba a mota, ba ta so. Jakar nan mai hoton malam-buɗe-littafi da aka samu guda ɗaya tak a kanti, ba ta so. Ni kuma ina yawo da ita a baki, ina gaya wa mutane ina da 'ya mai haƙuri. Ashe sauƙin da nake samu a jikinta nake yankar sa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na san yau ranarta ce, kuma ban hana ba. Na ma roƙi abokiyar aikina ta riƙe min kanti na fita da wuri, na laɓe a jikin tagar zauren kamar ɓarauniya.

Na gan ta. Ta ɗaure bel tamau, ta tsuke baki, idonta a kan matashin da Koci ke riƙe da shi. Da ta ɗaga ƙafar hagun nan sai da Koci ta ja da baya. Ba ta yi ihu ba, amma ta yi wani murmushi da gefen baki, irin na wanda ya san abin da ya iya. A gidana nake da yarinyar nan ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Yanzu ke nan ni ma da hannuna a cikin satar.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mun ɗan sama da Baban biyu. Shi a ganinsa a yi shiru har zango ya ƙare, wa aka cuta, kujera ɗaya aka biya, mutum ɗaya ke zama a kai kowace rana. Ya iya lissafi in ya ga dama. Na ce to jarrabawar fa? Takardar shaida suna ɗaya za ta ɗauka. Ko Shiru ta zauna a gida bayan duk gumin da ta yi, ko ta shiga ta ci a rubuta sunan 'yar'uwarta. Kuma na san ta, cewa za ta yi ba komai. Wannan ba komai ɗin ne ba na son in sake ji.

Ya juya cokali a kofi. Can ya ce, “To Maman biyu, in sun ce a biya na baya fa?” Na ce sai mu ga abin da Allah zai yi. 

Talata, 28 ga Oktoba

Na kama su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har ofishin akawu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Daga nan sai wurin shugabar makaranta. Ta yi musu faɗa daidai gwargwado, ni ma ta shafa min nawa a fakaice, na haɗiye tunda ni na kawo kaina. Hukunci dai: a biya wa Shiru tun daga farkon zango, ko a cire su duka biyun. Na tambayi ragin da ake yi wa 'yan gida ɗaya. Wai wannan a kuɗin makaranta ne kawai, kulob ba shi da ɗan'uwa.

Na roƙi a raba min biyan, sun yarda da ƙyar. A hanya Rediyo sai tambaya take ko za a kai su wurin 'yan sanda. Shiru ta riƙe hannuna gam.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Koci ta gan su tare yau. Ta riƙe baki, sannan ta buga cinya tana dariya. “Ashe baiwar tawa mutum biyu ce.” Na ga alamar ta ɗan ji haushi, ta riga ta gama ba abokan aikinta labari. Amma ta sa su tsallen kwaɗo zagaye zauren, ladan ƙarya, sannan ta rubuta sunan Shiru da hannunta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Baban biyu bai sabunta kuɗin tashar ƙwallo ba. Wai da ma kallo a gidan maƙwabci ya fi daɗi, akwai abokan musu. Mutumin da ba ya shiri da maƙwabcin nan tun rigimar wurin ajiye mota. Ni ma yadin da na sa mai kanti ya ajiye min na ce ya sayar, launin bai ma yi min ba da na sake dubawa.

An sayo riga ta biyu. Da ita Shiru ta karya kumallo, ta ɗiga mata shayi tun ba a je ko'ina ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Sun ci, su biyun. Kuɗin jarrabawa daban, na sabon bel daban, na takardar shaida daban, sai kuma ga mai hoto ya kafa tebur a bakin ƙofa. Mutanen nan ko a lahira sai sun buɗe kanti. Baban biyu ya raɗa min wai mu sayi hoto ɗaya, ai fuskar ɗaya ce. Na taka masa ƙafa. Biyu na saya.

Asabar, 6 ga Disamba

Sabuwa kuma: wai sansanin horo na mako guda a lokacin hutu, har da kuɗin mota da na wata rigar daban. Wannan kam ko an juye mu a girgiza babu. Na faɗa musu da rana ina tsaye a kicin, na gyara tsayuwa ina jiran Rediyo. Ta yi ƙunƙuninta na minti biyu ta tafi kallon katun.

Shiru ce ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, “Ni ina son zuwa.” Na ce babu hali. Ta ce kullum babu hali, kowa zai je ban da su. Sai hawaye, sai buga ƙafa, ta juya ta shige ɗaki ta bugo ƙofa har kalanda ta faɗo daga bango.

Na bi ta na yi mata tas. Na sa ta fito ta ɗauki kalandar, ta sake rufe ƙofar a hankali kamar 'yar mutane. Rashin kunya ba a gidana ba.

Baban biyu ya shigo ya same ni ina juya miya, ya ce murmushin me nake yi ni kaɗai. Na ce wane murmushi, tururi ne ya shigar min ido.

Sansanin dai ba za ta je ba. Tana can ta haɗa kai da gwiwa tana kumbure-kumbure, ta ce ba za ta ci abincin ba. Ban je rarrashi ba tukuna. Bari ta ƙara yi kaɗan.